Daminar da Muka Yi Honarabul Uku

Bana marka ta zo da nauyi. Rana ta ƙi leƙowa, itace ya jiƙe, gishiri ya narke a kwano, kaji sun takure a ƙarƙashin rumbu. Ina durƙushe gaban murhu ina fama da hayaƙi sai na ji rediyon maƙwabta tana cewa wai a wata jiha can kotu ta sauke wani ɗan majalisar dokoki ta ɗora wani. Mai karanta labaran har da sassauta murya, sai ka ce gari aka ci da yaƙi. Na ja tsaki na ci gaba da fifita wutata. Mu nan Maruta mun ga wannan wasan tun shi mai labaran yana cikin tsumman goyo, a daminar da muka yi Honarabul uku, kuma ni ba kyauta na kalla ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, yana gandu da ƙaninsa Ɗanlami. Gona ɗaya ce ta tudu ke riƙe da gidan, gero da dawa, da ɗan wake a tsakani. 'Ya'yana biyu a lokacin. Na farin tun ranar yaye kakarsa ta ɗauke shi kamar yadda aka saba, ko sunansa ba na kamawa. Sai Saude, wadda ba ta cika shekara uku ba. Ita ce tawa. Ita nake goyawa a gaban kowa ba kunya, in kira sunanta da ƙarfi, in yi mata kitso in tsefe in sake don kawai ta daɗe a cinyata.

Ina da yaya, Yaya Binta, tana aure a Birnin Kudu gidan wani malamin Islamiyya. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk zuwanta sai ta roƙi a ba ta Saude riƙo. Ni ba na iya kallon idonta in ce a'a, sai in shige ɗaki in bar ta da Malam. Shi ne wata rana ya yanke maganar.

"Yaya, muddin rumbuna yana ciyar da yarinyar nan, tana gaban uwarta. Ranar da ya gaza, ba ni da bakin hana ki."

Tun daga ranar nake kallon rumbun nan da wani ido daban.

Gonar tudun nan ba wata ƙasar kirki ba ce, jigawa ce mai cin taki. Abin da ya riƙe ta tun zamanin mahaifin su Malam shi ne shanun Buba. Kowace shekara da an gama girbi, Buba Bafillace zai sauko da garkensa ya kafa ruga a cikinta. Shanu su ci kara su kwana a wurin, yana matsar da turaku gaba-gaba har sai kashin ya rufe gonar. In zai tashi a ba shi 'yan damman gero, a yi sallama sai baɗi. Ba takarda, ba shaida, kowa ya san nasa.

To, a wannan wa'adin Ɗanlami ya samu sana'ar da ta fi noma sauƙi: bin motar ɗan majalisa yana ihu. Ba zan kama sunan kowa ba, sunayen ma ba su tsinana wa kowa komai ba. Na farkon muna ce masa Mai Tumbi. An zaɓe shi, an rantsar da shi, ya tafi majalisar jiha ya zauna, Ɗanlami kuma ya dawo gida da hula mai hoton mutumin yana taku kamar shi aka rantsar. Da kaka, Buba ya aiko cewa yana tafe, sai Ɗanlami ya tsare Malam a tsakar gida.

"Haba Yaya, har yanzu kashin shanu? Ai an wuce nan. Honarabul da bakinsa ya ce mini gidanmu ne na farko in takin zamani ya zo. Kamfa da yuriya, har ƙofar gida. Don me za mu kwashi gero mu bai wa Bafillace?"

Ina surfe na ce, "Ɗanlami, shi Honarabul ɗin naka ka taɓa ganin ya yi kashi a gonar wani?"

Ya yi dariya, don akwai wasa tsakaninmu. "Matar Yaya, ke dai tsaya a turmi. Siyasa ba surfe ba ce."

Malam mutum ne mai haƙuri da jin nauyin ƙaninsa, kuma gaskiya ya taɓa ganin yadda takin zamani ke ɗaga gero a gonar masu hali. Ya aika wa Buba cewa bana a yi haƙuri. Buba ya karkata garkensa ya nufi wajen Dingaya. Haka muka saki reshe muka kama ganye.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ke sa randa ta yi ɗumi kafin azahar. Ƙasa ta ƙi takuwa, rijiyar unguwa ta ja baya sai an ƙara igiya, in ka jawo guga rabi ruwa rabi laka. Ƙuraje suka feso wa Saude a wuya, na riƙa jiƙa zane ina lulluɓa mata. Ana cikin sharar gona sai labari ya zo cewa kotun ɗaukaka ƙara ta sauke Mai Tumbi, ta ce wanda ya yi ƙararsa ne ya ci zaɓe. Ashe duk lokacin da Ɗanlami ke rantsuwa da buhunan taki, kujerar ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Aka rantsar da na biyu, ɗan wata jam'iyyar, wanda muke ce wa Mai Gilashi, don ko a masallaci ba ya cire baƙin gilashinsa.

Ruwan shuka ya sauka. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, fara da shinge suka fito, yara suka bi su da kwanuka. Malam ya ɗauki sungumi yana sara, Ɗanlami na binsa da iri yana ƙunƙuni cewa an yi musu fashi a kotu. Gero ya tsiro, amma tun yana ƙarami na ji mata masu zuwa ciyawa suna cewa gonar gidanmu ta yi rawaya. Ƙasa ta nemi abin da ta saba ci ba ta samu ba.

Taki kuwa ya zo, ba a ce bai zo ba. An sauke shi a gidan wakilin Mai Gilashi, aka raba wa waɗanda suka yi masa ihu. Da Malam ya aika, aka ce ai gidan su Ɗanlami gidan Mai Tumbi ne, su je kotu ta ba su. Ɗanlami bai ɓata lokaci ba. Hular Mai Tumbi ta koma abin toshe ɓarakar akurki, ya samo sabuwa mai hoton Mai Gilashi, ya tare a ƙofar wakilin yana wanke mota, yana kai gaisuwa safe da yamma.

Na ce masa, "Kai ko bazawara ta fi ka jimamin miji. Ita ai tana idda."

"Matar Yaya, kashi na biyu na takin yana hanya. Wannan karon da ni za a raba."

Duk wannan zaryar a bakin fartanya take fita. Gandun mutum biyu ya koma na mutum ɗaya. Malam ya yi noman firi, wato na farko, shi kaɗai, kafin ya kai ƙarshen gona farkonta ya sake rufewa.

Nan yunwar damina ta shigo, wadda duk ɗan ƙauye ya sani: gona kore shar, ciki wayam. Rumbu ya yi ƙasa, sai an zura yaro ciki kafin a ciro dami. Da safe koko ne tsararo, mai nuna maka fuskarka. Da rana in tsinko tafasa ko rama a bayan gida, in dafa in matse, in kwaɗanta da ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri da barkono. Tuwo sai da yamma, shi ma malmalar ta riƙa ƙanƙancewa har ta koma kamar ta wasan yara. Nakan gutsure nawa in ajiye wa Saude na ɗumame, in cika cikina da ruwa. Yanzu yara na raina tuwon dawa suna neman taliya. Ni har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa sai miyau ya tsinke mini, ba don daɗi ba, don tunawa.

Sai zazzaɓi ya kayar da Malam. Yana kwance yana rawar ɗari, ruwa na zuba, ciyawa na murna. Da ya ɗan samu kansa ya dogara sanda ya je ya dubo gonar, ya dawo ya zauna bakin ƙofa.

"Hajara," ya ce mini, "in ba a yi maimai, noma na biyu, cikin 'yan kwanakin nan ba, gonar nan ta tafi. Ni kaɗai ba zan iya ba. Gayya zan kira."

Yaran yanzu ba su san gayya ba, su dai a goya tulun feshi a baya a kashe ciyawa da magani. A da, in aiki ya fi ƙarfinka sai ka kai goro wurin sarkin noma, ya sa rana, ya shaida wa samari. Ranar kowa ya bar tasa gonar ya zo taka, makaɗi na kiɗa ana jere ana tsere, kafin la'asar an share gonar da za ta ci ka wata guda. Ba a biyan kowa. Abu ɗaya ne a kanka: ka ciyar da su su ƙoshi, fura da hantsi, tuwo da yamma. Mai gayyar da ya bar mutane da yunwa ya ja wa gidansa abin faɗa har jikoki.

Na ce, "Malam, abin da ya rage a rumbun shi ne zai kai mu sabon gero. In muka dafa shi a wuni ɗaya fa?"

"In ba mu dafa ba, babu sabon geron da za mu jira."

Gaskiya ya faɗa. Aka kai goro, sarkin noma ya sa ranar Laraba, samari suka amsa.

Ana haka sai ga wani sabon labari. An ba Mai Gilashi kwamishina, ya ajiye kujerar majalisa ya tafi inda romo ya fi kauri. Ko wata nawa ya yi a kanta? Bai kai tsawon goyon ciki ba. Kashi na biyu na taki ya bi shi. Aka ce za a yi zaɓen cike gurbi, a tsakiyar damina, lokacin da ko gaisuwar mutuwa manomi a tsaye yake yi. Motoci masu lasifika suka cika hanya suna watsa wa mutane taɓo. Aka tsayar da na uku, wani yaro mai farar shadda da ba a taɓa ganinsa a jana'iza ko suna a ƙasar nan ba. Ɗanlami, ba sai na faɗa ba, ya riga kowa sanin cewa shi ne mai ceton talaka.

Ranar Talata aka share rumbu tas, har da kakkaɓe gindinsa. Maƙwabta mata suka shigo da taɓarensu, muka yi sussuka, muka sheƙe, muka surfa, muka daka. Hannuna ya yi kanta ya fashe. Aka yanka zakaran da nake ji da shi, na fito da daddawa da kukar da nake ɓoyo. Saude na zagaye turmi tana tsintar tsaki tana kaiwa baki, ina kore ta ina dariya. Raina fari ƙal ranar, don na ga hanyar da za ta zauna a gabana.

Laraba gari ya waye garau, ba hadari, irin ranar da manomi ke roƙo. Na dama fura cikin manyan ƙore na rufe da faifai. Malam ya riga ya tafi da fartanyarsa. Ina jiran 'yan matan da za su kai furar gona sai na ji ƙahon motoci da ihu daga bakin kasuwa. Na jira, ba wadda ta zo. Na goya Saude, na ɗora ƙwarya a ka, na fita da kaina, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

A bakin kasuwa na ga motocin haya jere, samarin garin nan kaf suna ɗarewa har saman kaya. Wai Mai Farar Shadda zai yi gangami a Gwaram, ana son a cika fili. Wasu da fartanyarsu a kafaɗa suka fito, suka jingine ta a gindin bishiya suka hau. Wanda ke tsaye bakin mota yana tura su ciki, muryarsa har ta dushe, Ɗanlami ne.

"Ɗanlami! Yau fa gayyar gidanku ce!"

Ko kunya bai ji ba. "Matar Yaya, yanzu za mu dawo. Kafin azahar an gama. Wannan tafiyar ai don gonar ake yin ta, in ya hau taki har sai kun ture."

Na wuce abina, don abin da ke bakina bai dace da matar aure a kasuwa ba.

A gona na tarar da Malam da wasu 'yan tsofaffi sa'o'in mahaifinsa, waɗanda ba mai ɗaukarsu a mota don ba su da muryar ihu. Ciyawa ta kai musu gwiwa, geron a cikinta siriri rawaya. Makaɗi ya zo, yana ta buga gangar noma yana kirari ga fili. Da ya ji motoci sun fara tashi, sai kiɗan ya riƙa yin sanyi. Can ya rataya gangarsa ya ce zai je ya kama ruwa. Har yau bai dawo daga kama ruwan ba.

Tsofaffin nan sun yi iya yinsu, Allah ya saka musu. Suka sha fura, suka duƙa, suka tashi riƙe da ƙugu. Malam na noma jiri na ɗibarsa. Kafin la'asar abin da suka share bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba a gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta. Na koma gida na tuƙa tuwon duk da haka, don gari ya riga ya jiƙa, kuma zuciyata na ce mini ko samarin za su dawo da sauran rana.

Sun dawo, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ashe shanya su aka yi a fili tun hantsi, ba ruwa ba abinci. Mai Farar Shadda bai iso ba sai bayan la'asar, ya leƙo ta saman mota ya ɗaga hannu biyu, aka yi ihu, ya wuce. Ko saukowa bai yi ba, kada shaddar ta ɓaci. Aka kwaso su aka zubar a bakin kasuwa, leɓe a bushe. Kuma duk garin nan an san gida ɗaya ne ke da tuwo a tukunya.

Ina tsakar gida na ji sallamarsu a zaure. Ɗanlami ya shigo yana sosa ƙeya.

"Matar Yaya, yaran nan fa tun safe ba su ci komai ba."

Na miƙe da muciya a hannu. "Su je wanda suka yi wa ihu ya ba su! Wallahi gara in juye wa awaki!"

Malam yana zaune jingine da bango, ƙafafunsa duk taɓo. Bai ɗaga murya ba.

"Hajara, zuba musu. Da sunansu aka dafa. In ya kwana ma lalacewa zai yi."

Na zuba. Ina kwasa hawaye na ɗiga a hannuna, na baƙin ciki ba na tausayi ba. Ina ji daga zaure suna santi, suna yaba miyar, suna gardamar ko motoci nawa ne a ayarin Honarabul. Suka lamushe abincin da zai kai mu kaka, suka suɗe kwanuka, suka ce gobe da sassafe suna gona.

Washegari marka ta sauka, irin ta bana. Aka yi kwanaki ba a ga rana ba, ƙasa ta yi laushin da fartanya ba ta shiga. Da aka ɗauke, kowa ya ruga tasa gonar, sauran kuma suka bi wani gangamin. Wa zai sake kiran gayya da rumbu wayam? Wuta-wuta ta fito ta yi fure ja a gindin dawa, gwanin kyau, ta shanye abin da ciyawa ta rage. Muka ƙarasa damina da tafasa da abin da dangi suka miƙo. Wuyan Saude ya zama siriri, gashinta ya yi ja.

Mai Farar Shadda ya ci zaɓensa, aka rantsar da shi ya ƙarasa wa'adin. Ban taɓa jin an ce ya buɗe baki a majalisa ba, sai dai kafin wa'adin ya ƙare na ji ya sauya sheƙa, Ɗanlami ya sake hula. Kujera ɗaya, mutum uku, ko wanne an yi masa kiɗa da rantsuwa, mu kuwa damman da muka ɗaure a kakar nan ko ƙugun rumbu ba su kai ba.

Yaya Binta ba ta zo da gori ba. Ta leƙa rumbun, ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Hajara, ba ƙwace miki zan yi ba. Ta zauna wurina ta yi ƙiba, in kun yi kaka mai kyau sai ta dawo."

Malam ya sunkuyar da kai, don shi ya faɗa da bakinsa. Na ɗaure wa Saude 'yan kayanta a ɗankwali. Yaya ta ba ta alewa, ta bi ta da gudu tana murna za ta shiga mota, ko waiwaye ba ta yi ba.

Malam ya tafi cirani a shekarar, karo na farko a rayuwarsa. Ni kuma ga ciki, ga haihuwa, ga jego, ga wata daminar. Sai da shekara ta zagayo har ta gota kafin na taka Birnin Kudu, da ƙullin gero na sabuwar kaka da niyyar in dawo da 'yata.

Na same ta a tsakar gida ta dawo daga Islamiyya, da ɗan hijabinta, kumatu sun ciko, fata na sheƙi. Na buɗe hannu na kira sunanta. Ta tsaya ta dube ni, ta zagaya ta ɓuya a bayan zanen Yaya.

"Ke Saude, ba za ki gaida Innar Maruta ba?"

Ta fito ta durƙusa har ƙasa, ta ce mini ina wuni. An koya mata ladabi sosai. Ta je ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙo mini da hannu biyu, sannan ta koma ta raɓa jikin Yaya, ta ja ta ƙasa tana raɗa, amma na ji.

"Umma, baƙuwar nan a gidanmu za ta kwana?"

Na kafa kofin a baki na yi ta sha, ba don ƙishirwa ba, don ban san inda zan kai fuskata ba.